Yadda Ake Ƙago Wasa, da Yadda Ake Kai Shi Kasuwa

In kaka ta wuce, an ɗaure gero an kai rumbu, aikin gona ya kan yi sauƙi a Gazawa. Lokacin nan ne dattijai da samari ke zama inuwar gawo suna dara. Ba su sayen kome. Mutum ya share ƙasa da tafin hannu, ya tona gidaje talatin: layi biyar, kowane layi gida shida. Ɗaya ya kakkarya karan gero guntu goma sha biyu, abokin wasansa ya tsinto tsakuwa ko ƙwallon aduwa goma sha biyu. Shi ke nan, kayan wasa sun haɗu.

Da farko sai dasa ƴaƴa. Wannan ya sa ɗaya, wancan ya sa ɗaya, har su ƙare. Wajen dasawa ba a yarda mutum ya jera uku ba. Bayan nan sai tafiya. Ɗa yana gusawa gida guda, gaba ko baya, dama ko hagu. Ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Wanda ya jera ƴaƴansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka rage biyu ya faɗi, don biyu ba su jera uku.

To, me ya sa goma sha biyu? Ƴaƴa ashirin da huɗu cikin gida talatin, saura gida shida babu kome. Da kowa na da goma sha biyar, da babu gurbin motsi ko ɗaya. Da kowa na da shida, da fili ya yi yawa, kowa ya koma gefensa yana jerawa, ba mai tare shi. Gida shidan nan su ne gishirin dara: akwai wurin tafiya, amma da ƙyar. Wannan lissafi bai faɗo daga sama ba. Wasu mutane ne suka gwada, suka ga ya ɓaci, suka gyara, har ya zauna. Sunayensu sun ɓata, wasan kuwa ya yi nisa. Zabarmawa ma suna yin sa, suna ce masa dili.

Akwai kuma wasannin da ake saye cikin kwali. Lido, wanda yara ke jefa wa ƙwaya, asalinsa wani tsohon wasa ne na ƙasar Indiya. An sauƙaƙa shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Irin waɗannan wasanni, galibi an san masu su, an kuma san wahalar da suka sha.

Ga labarin ɗaya daga cikinsu. Alfred Butts mai zanen gine-gine ne a birnin Niyok na Amurka. A 1931 ya rasa aikinsa, don kasuwar duniya ta faɗi, ba mai yin gini. Yana zaune gida sai ya yi niyyar ƙago wasan haɗa kalmomi. Kowane harafi a kan ɗan guntun katako, kowane harafi da makinsa. Nan take tambaya ta taso: harafi kaza guda nawa za a sa, kuma maki nawa za a ba shi? Butts bai yi ka-cici-ka-cici ba. Ya ɗauko jaridu, ya zauna yana ƙidaya haruffa ɗaya-ɗaya. Harafin da ya fi fitowa, ya yi shi da yawa, ya ba shi maki kaɗan. Wanda ba a cika gani ba, ya yi shi guda, ya ba shi maki mai yawa. Harafin s kuwa da gangan ya rage shi, ya sa huɗu kawai. A Ingilishi, kamar a Faransanci, da s ake yin jam'i. Da ya yi yawa, da rago ma ya ci wasa, ya riƙa manna s a wutsiyar kalmar da wani ya sha wahalar haɗawa. Wasan nan shi ne ake kira Scrabble yau.

Wannan ƙidaya ta shafi ɗan makarantar da ke karatu da Hausa da Faransanci. Scrabble na Faransanci katako 102 ne. Harafin e ya fi kowa yawa, guda 15. Harafin a guda 9. Harafin k guda ɗaya tak, makinsa 10. Haka w, guda ɗaya, maki 10. Ga Bafaranshe daidai ne, don k da w baƙi ne a harshensa. Amma a gwada yin Hausa da katakan nan a gani! Kalmar kaka ba ta rubutuwa, haka kuka, haka wawa, sai in an ari ɗaya daga cikin katakai biyu marasa rubutu. Harafin a ya ƙare tun wasa bai yi nisa ba. Sunan Gazawa kaɗai, harafi shida ne, uku a ne. Ga tulin e ba wurin sa shi. Ga q da v da x, waɗanda Hausa ba ta san su ba. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa babu su sam.

Saboda haka wanda ke son wasan haruffa na Hausa, dole ya yi irin aikin Butts da kansa. Ya buɗe littafin karatu, ya zaɓi shafi biyu ko uku, ya ja zane ga kowane harafi duk inda ya fito, sa'an nan ya tara. Zai kuma ci karo da abin da Butts bai gamu da shi ba: sh da ts, katako guda za a yi musu, ko biyu-biyu? In guda ne, rubutu ya yi sauƙi, amma katakai sun ƙaru. In biyu ne, sai a ƙara yawan s da h da t. Ba malamin da zai yanke wannan. Wasa ne zai nuna wanda ya fi.

Wasan gwaji ba ya son ado. Tsohon kwalin sukari ya isa allo, marafan kwalba sun isa ƴaƴa. Wanda ya kwana uku yana shafa launi, gobe in an ce masa allon ya yi faɗi, ba zai so yanke shi ba. A buga wasan sau da yawa, ana duba abu kaɗan. Wanda ya fara shi ke ci kullum? To, akwai rashin adalci. Wasa ya kai awa guda har mutane sun fara hamma? A rage. An gano wata dabara guda wadda duk mai bin ta sai ya ci? Wasan ya mutu, sai an toshe ta. In za a gyara, a canza doka ɗaya kawai, a sake bugawa. Wanda ya canza uku gaba ɗaya ba zai san wadda ta yi magani ba.

Gwaji mafi wuya shi ne na ƙarshe. A rubuta dokokin a takarda guda, a miƙa wa yaran wani aji waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba. Mai wasan ya zauna gefe, ya kame bakinsa. Zai ga suna kuskure, bakinsa na ƙaiƙayi, amma kada ya tanka. Duk inda suka yi gardama, laifin takarda ne, ba nasu ba. A nan dara ta bambanta da wasan kwali. Dara a bakin manya ake koyonta, in an saɓa akwai dattijo kusa da zai raba. Kwalin da aka sayar a Maraɗi ko Damagaram kuwa, mai shi ba ya bin sa can. Takardar nan ita kaɗai za ta yi magana.

In wasa ya zauna, sai neman kamfanin da zai buga shi. Mai kamfani ɗan kasuwa ne. Zai tambaya: mutum nawa ke bugawa, ƴan shekara nawa, minti nawa, kuma nawa kayan za su ci? Kowane ɗan katako kuɗi ne. Sau da yawa amsarsa a'a ce. Butts ya kai wasansa ga manyan kamfanonin Amurka, duk suka ƙi. Ya koma yana yanka katakai da hannunsa, yana sayarwa ɗai-ɗai. Sai a 1948 wani mai suna James Brunot ya karɓa, ya ɗan gyara dokoki, ya raɗa masa suna Scrabble. A cikin wata tsohuwar makaranta da aka bari shi da iyalinsa suke haɗa kayan. A 1949 suka yi kwali 2,400, suka faɗi. A 1952 ciniki ya buɗe har suka kasa, suka ba kamfanin Selchow da Righter izinin bugawa, alhali kamfanin nan yana cikin waɗanda suka ƙi wasan da can. Daga rasa aikin Butts zuwa ranar, shekara 21 ke nan.

Ko kamfani ya yarda, da sauran magana, watau ta biya. Ana iya ba mai wasa kuɗi dunƙule sau ɗaya, ana iya ba shi ɗan kaso a kan kowane kwalin da aka sayar. Wata mata a Amurka, Lizzie Magie, ta yi rajistar wani wasan sayen filaye da biyan haya a 1904. Mutane suka yi ta kwaikwayonsa, suna canza shi. A 1935 Charles Darrow ya sayar wa kamfanin Parker Brothers wani irinsa da sunan Monopoly. Shi ya karɓi kaso, ya yi arziki. Ita kuwa kamfanin ya sayi takardarta dala 500, dalar Amurka, ba dalar Nijar mai tamma biyar ba. Daga nan ba ta ƙara samun ko anini a kan Monopoly ba, kuma an daɗe ana buga labarin wasan ba a ambaci sunanta ba.

Ba Turai da Amurka kaɗai ake wannan sana'a ba. A Abuja, wani matashi mai suna Kenechukwu Ogbuagu ya kafa kamfanin NIBCARD, wanda ya buga wasanni a kan rayuwar Najeriya. A 2016 ya fara shirya taron masu ƙago wasanni na Afirka, a 2021 kuma kamfanin ya sami lambar yabo ta Diana Jones, wadda masu wannan sana'a na duniya ke girmamawa. A irin taron nan mutum ya kan shimfiɗa wasansa a tebur, baƙi su zauna su buga, shi kuwa yana gefe da alƙalami, yana rubuta wuraren da suka tsaya suna tambayar juna.