Bala Miller

Bala Miller (1928 – 2003) mawaƙi ne ɗan Najeriya, mai tsara kiɗa kuma shugaban ƙungiyar makaɗa. An fi saninsa da ƙungiyarsa ta Kaduna mai suna Bala Miller and the Great Music Pyrameeds of Africa, da kuma shirin talabijin mai ɗauke da sunansa. Yana cikin mutanen farko da suka ɗora waƙar Hausa a kan kiɗan hailaif na babbar ƙungiya.

Farkon rayuwa

An haife shi a Pankshin, cikin jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa limamin coci ne daga Zariya, ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista. Aiki ya kai iyalin Lakwaja, kuma a can ne Bala ya fara taɓa kayan busa na badujala, ya kuma shiga ƙungiyar mawaƙan coci. Daga baya ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School da ke Legas, inda ya ci gaba da kiɗa a ƙungiyar makaranta.

Irin kiɗan da ya tarar

Tsarin babbar ƙungiyar makaɗa ya yi tashe ne a Amurka a shekarun 1930 da 1940, zamanin su Duke Ellington da Count Basie da Glenn Miller (wanda suna kawai ya haɗa shi da Bala). Irin wannan ƙungiya takan ƙunshi mutum goma sha biyu zuwa ashirin, an kasa su rukuni-rukuni: masu busa turampet, masu turambon, masu saksafon, sai masu riƙe amo da ganguna da jita da piyano. Kowane rukuni yana da rubutaccen rabonsa, wani ya kira wani ya amsa. Aikin shugaba shi ne ya tsara wanda zai shigo da lokacin da zai yi shiru.

A Afirka ta Yamma wannan tsari ya gauraya da kiɗan bakin teku, aka sami hailaif na gidajen rawa. E. T. Mensah na Ghana da Bobby Benson da Victor Olaiya su ne manyan sunaye a Legas ta shekarun 1950. A cikinsu Bala Miller ya ƙware, da rana yana aikin kamfani, da dare yana busa. Ya yi wasa a ƙungiyar Samuel Akpabot, ya kuma yi hulɗa ta kusa da Olaiya. Aikinsa a kamfanin Nigerian Breweries ne ya dawo da shi Arewa.

Aikinsa a Arewa

A Arewa kuwa kiɗa na da nasa tsarin tun fil azal. Mamman Shata yana da kalangu da 'yan amshi, Ɗanmaraya Jos yana da kuntigi, fada tana da kakaki da algaita. Sana'ar kan bi gado, mawaƙi kuma yakan dogara da ubangida. Wanda ya iya karanta rubutaccen kiɗa ya busa saksafon, sai dai a neme shi a barikin soja ko na 'yan sanda ko a coci. Don haka mai son kafa babbar ƙungiya dole ya fara da horar da makaɗan da kansa. Wannan ne ya sa koyarwa ta zama rabin aikin Bala Miller, kuma tana iya zama rabin da ya fi muhimmanci. A zamanin gwamna Audu Bako ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano.

A 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC a Legas da Kaduna, ya kafa ƙungiyar Pyrameeds. Ta girma har ta kai mutum 28. Abin lura shi ne ya yi haka a lokacin da manyan ƙungiyoyi ke watsewa a wasu wurare: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raunana hailaif a Legas, juju da afrobit sun karɓe filin, ga kuma tsadar biyan mutum kusan talatin da sayen kayan busa daga ƙasashen waje. Sunan ƙungiyar ma, a kunnen mutumin Arewa, ya fi tuna dalar gyaɗa ta Kano fiye da dalar Masar.

Salon waƙa

Ɗora Hausa a kan irin wannan kiɗa ba ƙaramin aiki ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana, kamar yadda gari da gaari suka bambanta a baki ko da rubutu ya haɗa su. Idan busa ta ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, sai kalmar ta gurɓace. Waƙarsa da aka fi sani, "Ikon Allah", ta nuna yadda yake barin muryoyi su yi jagora, kayan busa su biyo baya da amshi, kusan yadda 'yan amshi ke yi wa mawaƙin gargajiya.

A shekarun 1980 tashar NTA ta riƙa nuna shirin Bala Miller Show, wanda ya kai kiɗansa gidajen mutane a faɗin ƙasar. Ya rasu a 2003. Shekara biyu kafin nan, kamfanin Strut na Ingila ya saka "Ikon Allah" a cikin tarin waƙoƙin Nigeria 70, tare da waƙoƙin Fela Kuti da Tony Allen, kuma ta wannan faifai ne yawancin masu sauraro na ƙasashen waje suka fara jin sunansa.