Akawunan Banki Da Suka Tafi Yaƙi

Mu da abincinmu yake bakin alƙalami, ya kamata mu san labarin waɗansu akawunan ƙasar Ingila da suka bar teburinsu suka ɗauki bindiga cikin Yaƙin Duniya na Farko.

Sa'ad da yaƙi ya tashi cikin watan Agusta 1914, ba a tilasta wa kowa shiga soja a Ingila, sai wanda ya kawo kansa. Don a ƙarfafa zukatan samari, hukuma ta yarda mutanen gari ɗaya, ko masu sana'a ɗaya, su shiga tare a yi musu bataliyarsu. Ta haka ne cikin watan Yuli 1915 Magajin Garin Landan ya tara ma'aikatan banki da masu aikin lissafi, aka kafa bataliya ta 26 ta rundunar Royal Fusiliers, wadda aka fi sani da Bataliyar Ma'aikatan Banki. Suka ƙetare zuwa Faransa cikin watan Mayu 1916. Ran 15 ga Satumba suka shiga fagen daga a ƙauyen Flers, cikin yaƙin kogin Somme, ranar da aka fara fito da tankar yaƙi a duniya. Mutanen da ba su saba da kome ba sai ƙidayar fam da sule, ga su cikin taɓo gaban igwa. Da yawa ba su komo ba. Babban Bankin Ingila kaɗai ya rasa ma'aikata 71 kafin a gama yaƙin.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka yi da kujerunsu. Bankuna suka yi alkawari za su ajiye wa kowa matsayinsa, da yawa kuma suka ci gaba da biyan albashi, ko duka ko wani sashe, don kada iyali su tagayyara. To, littafin kuɗi kuwa ba ya jiran a gama yaƙi. Sai aka ɗauki mata dubbai, aka rubuta su ma'aikatan wucin gadi. A da, ana cewa mace ba za ta iya riƙon lissafi ba, sai ga shi sun riƙe shi har ƙarshen yaƙi cikin 1918.

Da mazan suka komo, sai magana ta cije, gama kujera ɗaya ce, masu ita biyu. Aka mayar wa soja da wurinsa, aka sallami mata da yawa. Ba mu ga laifin cika alkawari ga wanda ya sayar da ransa ba, ko kaɗan. Sai dai muna ganin an yi wa matan nan rowar godiya. Waɗanda aka bari, galibi aka tura su aikin tafireta da jera takardu, da sharaɗin duk wadda ta yi aure ta ajiye aiki. Bankin Barclays bai soke wannan sharaɗi ba sai cikin 1961.