Ƙungiyar Mdou Moctar: Daga Sakkwato Zuwa Dandalin Amurka

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Illela da Birnin Ƙonni, ya san ita ce ke kai matafiyi Tawa da Abalak, har Agadas. A wannan yanki na Tawa aka haifi Mahamadu Sulaimanu, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, shugaban ƙungiyar makaɗan jita da Amurkawa ke lissafawa cikin gwanayen kiɗan nan nasu mai ƙara da ake kira rok.

Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne kuwa. A cikin 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Waƙar da harshen Abzinawa ya yi ta, amma kiɗan na kwamfuta ne, da lanƙwasar murya irin ta mawaƙan finafinan Hausa. Ba a kai faifan kanti ba. Samari ne suka yi ta tura wa juna daga waya zuwa waya, har waƙoƙin suka ƙetare hamada, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya nemi mai su, ya buga su a kamfaninsa Sahel Sounds.

Daga baya ƙungiyar ta tsaya a kan mutum huɗu: shi Mdou, da Ahmudu Madasane mai jita ta biyu, da Sulaimanu Ibrahim mai ganguna, sai Ba'amurke ɗaya, Mikey Coltun. Sun fitar da Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador na Amurka, wanda ya ɗaga sunansu ƙwarai. A cikinsa Mdou bai rage wa Faransa komai ba game da dukiyar Nijar.

Suna tsakiyar yawon wasa a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammadu Bazum ran 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyakoki, har da ta Illela, wadda Nijeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. 'Yan kasuwar Darna Sabon Gari da maƙwabtansu suka rasa hanyar Ƙonni, makaɗan nan uku 'yan Nijar kuma suka maƙale a Amurka, sai da masoyansu suka yi musu karo-karon kuɗin masauki. A 2024 suka fitar da Funeral for Justice, watau jana'izar adalci.