Zugazugin Injin Mota: Iyakance Ƙarfin Turbo da Sanyaya Shi

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, lokacin da tireloli ke isowa ɗaukar shanu zuwa Kudu, zai lura da wata ɗabi'a ta tsofaffin direbobi. Direba zai iso, ya gyara tsayuwa, ya ja birki, amma ba zai kashe mota nan take ba, sai ya bar injin a sulo na wasu mintoci tukuna. Mai kallo yakan ɗauka ɓarnar mai ce, haka kuma ma'aikacin gwamnati mai sa hannu a takardar man motocin ofis yakan yi wa direbansa faɗa a kan wannan. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa waɗannan 'yan mintoci suna da dalili, kuma dalilin yana cikin wata na'ura da kanikawa ke kira turbo.

Gagarawa Tasha ta sami sunanta ne daga tashar jirgin ƙasa, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. A wancan zamani jirgi ne ke kwashe gyaɗa da fatu da dabbobi daga ƙasar Gumel. A yau manyan motoci ne ke ɗaukar shanu da riɗi da hatsi, kuma kusan dukkansu injin gas gare su mai turbo. Ita na'urar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Switzalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905, kamfanin Saurer na ƙasarsu ya sa ta a babbar mota a 1938, sa'an nan ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar turbo ita ce a tuna da maƙera. Gawayi komai yawansa ba ya narkar da ƙarfe sai an zuga shi, domin wuta iska take ci. Haka abin yake a cikin injin: kowane kilo ɗaya na mai yana bukatar kimanin kilo 14 da rabi na iska kafin ya ƙone sarai. Injin da ba shi da turbo iyakar iskar da fistan ya iya zuƙowa ita ce iyakar ƙarfinsa, in an ƙara masa mai fiye da haka sai baƙin hayaƙi. To, turbo zugazugi ne, sai dai ba ya bukatar yaron maƙera. Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita zuwa salansa, hayaƙin ne ke juya ta. Ta biyu kuwa tana kan hanyar iskar da ke shiga, ita ke danna iska cikin silinda. A babbar mota matsin wannan iska yakan ninka na iskar da ake shaƙa sau biyu ko uku. Wato dai ƙarfin da da zai bi salansa ya tafi a banza, shi aka tare aka sa shi aiki.

Abin lura shi ne irin gudun da ke cikin wannan 'yar na'ura. Injin tirela da wuya ya wuce juyi 2,000 a minti ɗaya, amma turbon da ke jikinsa yakan kai juyi 100,000, na ƙananan motoci ma yakan haura 200,000. Hayaƙin da ke bugun fankar farko yakan kai digiri 700 a injin gas, a na fetur kuwa yakan doshi 950, har a ga ƙarfen ya yi ja da dare.

A nan ne matsalar farko take. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙaru. Hayaƙi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu ta ƙaro iska. In ba a sa wa abin linzami ba, ko dai turbon ya tarwatse, ko gasket ya ƙone, ko fistan ya huje. Linzamin da aka fi sani wata 'yar ƙofa ce a gaban fankar hayaƙi, wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe. Akwai siririn tiyo da ke ɗauko iska daga bakin fanka ta biyu ya kai ta wani ɗan gwangwani mai tantanin roba a ciki. Idan matsin iska ya kai iyakar da aka tsara, sai ya rinjayi sifirin, ƙofar ta buɗe, wani kaso na hayaƙin ya kewaye fankar ya wuce salansa kai tsaye, gudu ya ragu. Masu noman rani sun san wannan dabara: in ruwa ya yi wa kwami yawa, ɓalle masa wata hanya ake yi.

A motocin zamani kwamfutar injin ce ke ba da umarnin buɗe ƙofar, bayan ta auna matsin iska da zafinta da yadda direba ya taka totur. Yawancin sababbin injinan gas ma ba ƙofa gare su ba, wasu ƙananan fukafukai ne kewaye da fankar, suna tsukewa a ƙaramin gudu don hayaƙi ya fito da ƙarfi, suna buɗewa in gudu ya yi yawa. Wannan tsari ya fi kyau, amma kunkunniya tana sa fukafukan su cije, musamman a motar da ke shan gurɓataccen mai ko take yini a sulo.

Wata al'ada da ta yaɗu a gareji ita ce ɗaure sandar ƙofar nan, ko toshe tiyon, ko buɗe famfon mai, wai don mota ta ƙara ƙarfi. Lalle takan ƙara, direba ya ji daɗin hanyar Gumel zuwa Kano na 'yan makonni. Amma kamfanin da ya ƙera injin bai sa iyakar nan don rowa ba. Ya auna abin da fistan da gasket za su iya ɗauka ne. A wannan yanki kuwa sararin da ya rage kaɗan ne tun asali. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kuma iskar da aka matse takan fito daga turbo da zafin da ya haura digiri 150. Shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na musamman a gaban mota kafin ta shiga injin. In ƙura da ƙaiƙayi suka toshe shi, iska ta shiga da zafi, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi. Ƙurar hunturu kuma, in filta ta yage ko an cire ta, takan cinye bakin fankar iska kamar an goga da magagari.

Matsala ta biyu ita ce ta tsayawa. Sandar da ke ɗauke da fankokin nan, a yawancin motoci, ba a kan boris take juyawa ba. Tana shawagi ne a kan wani siririn shafe na baƙin mai wanda famfon injin ke turowa, kuma man nan aiki biyu yake yi, yana hana gogayya, yana kuma kwashe zafi. Da zarar an kashe injin, famfo ya tsaya, mai ya daina gudana. Amma ƙarfen da ke gefen hayaƙi yana nan da zafinsa, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga murhu tana ci gaba da tafasa. Zafin sai ya bi sandar ya gangaro tsakiya, ya iske ɗan man da ya rage a tsaye, ya soya shi ya zama gawayi. Ba rana ɗaya ɓarnar ke bayyana ba. Gawayin taruwa yake yi kaɗan-kaɗan, ya tsuke hanyar mai, ya karce sandar, har wata rana a ga shuɗin hayaƙi a ji mota tana fito. Mafi muni ita ce ɗabi'ar taka totur sau biyu ko uku kafin a murɗa makulli, domin an tayar da fankar ke nan aka kuma yanke mata mai tana tsakiyar gudu.

Idan turbo ya lalace ƙwarai, baƙin mai yakan kwarara ta hanyar iska ya shiga silinda. Injin gas yana iya cin wannan mai ya yi ta gudu ko an zare makulli, ba ya tsayawa sai an toshe masa iska ko ya fashe. Tirela ɗauke da shanu da ta mutu a daji tsakanin Kano da Legas, asararta ba ta tsaya ga kuɗin turbo ba, domin dabbar da ta kwana biyu a tsaye cikin rana ba ruwa ba lalle ta isa kasuwa da rai ba.

Saboda haka masu ƙera manyan injinan gas sukan ba da shawarar a bar injin a sulo minti uku zuwa biyar bayan aiki mai nauyi. A sulo hayaƙi yakan sauko ƙasa ƙwarai, mai kuma yana ci gaba da zagayawa yana ɗebe zafi. Wannan ya shafi tirela da tanka da tarakta, har da janareton asibiti ko na sakatariya, wanda ya kamata a sauke masa lodi kafin a kashe shi. Amma kada a wuce gona da iri. Yawancin ƙananan motoci na yanzu ruwan lagireto yana ratsa tsakiyar turbonsu, wasu ma suna da ɗan famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwan bayan an kashe injin. Motar ofis da ta zaga cikin garin Gumel a hankali ba ta bukatar jira. Wadda ta sheƙo gudu daga Dutse zuwa Sule Tankarkar da tsakar rana ita ke bukata, kuma ko ita, in direba ya sassauta a kilomitocin ƙarshe, minti ɗaya ya isa. Barin injin a sulo awa guda don a sha sanyin na'ura, wannan kam ɓarna ce, kuma kunkunniya yake tarawa.

Da safe ma akwai irin wannan jira, sai dai gajere ne. Mai yana bukatar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya hau daga ƙasan injin ya isa turbo, balle da sanyin hunturu lokacin da ya yi kauri, don haka ba a taka totur sai fitilar mai ta mutu. Ma'aikacin da ke kula da motocin hukuma zai fi tsimin kuɗi in ya bar zancen mintocin sulo ya duba littafin juyen baƙin mai: yaushe aka juye, wane iri aka zuba, kuma an canza filta ko an karkaɗe ta ne kawai aka mayar.