Hanci Ma Yana Da Nasa Zaɓin: Ƙamshi, Sha'awa da Hayaƙin Taba

A zangon karatun da ya wuce, wata ƙawata ta same ni a hostel da wata magana da ta tsaya mini a rai. Wai saurayinta ya roƙe ta ta riƙa zuƙar shisha in sun haɗu, don ganin hayaƙi na fita daga bakinta da warin da ke kama gyalenta su ke ƙara masa sonta. Ta ce, "Ke, don Allah wannan lafiya kuwa?" Ban iya ba ta amsa ba sai da na je na yi bincike.

Bari mu fara da hanci. Ɗan Adam na da kusan nau'i 400 na ƙwayoyin da ke karɓar wari, kuma gano yadda suke aiki ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka ci kyautar Nobel a 2004. Saƙon hanci gajeriyar hanya yake bi zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da shauƙi da tunawa. Shi ya sa wani zai gifta da wani turare, sai ka ji gabanka ya faɗi ka tuna da wata. Iyayenmu sun daɗe da sanin haka, ai ba banza ake turara amarya da turaren wuta a shafe ta da humra ba.

Warin jiki ma yana da nasa tasiri. A 1995, Claus Wedekind na Jami'ar Bern a Siwizalan ya sa maza 44 suka kwana biyu da riga ɗaya ba turare, sannan mata 49 suka shinshina. Matan sun fi karkata ga warin mazan da ƙwayoyin halittar garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu. Sai dai binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba, don haka kar wani ya sayar maka da turaren "mallaka" da sunan kimiyya.

To, ina batun hayaƙi? Ba wanda aka haifa da son warin taba, koyo ne. In wani wari ya riƙa zuwa tare da shauƙi, musamman a shekarun balaga, ƙwaƙwalwa kan ɗaure su wuri guda, har warin kaɗai ya isa ya motsa mutum. Tun 1887 masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Alfred Binet, ya yi bayanin yadda sha'awa ke maƙalewa ga wani abu ta wannan hanya.

Kamfanonin taba kuwa sun ci kasuwa da wannan. A 1929 Edward Bernays ya shirya 'yan mata suka yi maci a New York suna busa sigari, aka tallata shi a matsayin alamar 'yanci. Finafinan Amurka suka ɗora. A fim ɗin Now, Voyager na 1942, jarumin kan kunna kara biyu a bakinsa ya miƙa wa jarumar ɗaya. Yau bidiyon shisha a TikTok ya gaji aikin.

Ga inda gizo ke saƙar. Taba na dushe jin ƙamshin kansa, tana lalata jijiyoyin jini har ta jawo wa namiji rauni a shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara. Ruwan tukunyar shisha kuma ba ya tace gubar, kuma nikotin ba ya sakin wanda ya kama da sauƙi.

Abin da na faɗa wa ƙawata ke nan: saurayinki ba mahaukaci ba ne, abu ne da ƙwaƙwalwarsa ta koya, kuma in ya dame shi akwai likitocin halayya da zai iya gani. Amma huhun naki ne. In har sai kin zuƙi hayaƙi zai so ki, to ki tambaye shi: ke yake so, ko hayaƙin?