Kafin Ka Ɗora wa Tsohuwar Motarka Babban Inji

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota ya san alamun gajiyar inji: hayaƙi ta salansa, shan baƙin mai, da nishi in an zo hawan tudu. Idan gyara ya ƙi ci, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, a nemo inji ɗan Kwatano. A nan ne ake haɗuwa da mai cewa, "Alhaji, tunda sauke inji za a yi, ƙara ɗan kuɗi a ɗora maka babba mai filogi shida, ka ga yadda mota take tashi." Maganar tana da daɗin ji, amma ita ce mafarin wahalar masu motoci da yawa, wani lokaci ma har da asarar rai.

Mu ɗauki Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da ita a 1991 da injuna iri-iri. Akwai ƙaramin inji 1.6 mai ƙarfin doki 75, akwai 1.8 mai 90, akwai kuma babban nan VR6 mai 174. Bodinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa ake ɗauka cewa injin wannan zai zauna a waccan. To amma da kamfanin ya tashi ɗora VR6, sai da ya ƙara girman faifan birkin gaba, ya sa birkin faifai a ƙafafun baya inda ƙananan suke da na ganga, ya mayar da notin taya biyar maimakon huɗu, ya kuma ƙarfafa safirin da shokozoba. Wanda ya ƙera motar bai yarda ya ƙara mata ƙarfi ya bar sauran kayan yadda suke ba. To me zai sa a yarda da hakan a gareji, a kan motar da ta kusa shekara talatin tana aiki?

Birki ne abu na farko da yake nuna gazawa. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota take ci bayan an taka birki ninkawa yake yi sau huɗu. Ko daga kilomita 100 a awa zuwa 140, nisan ya kusa ninki biyu. Ƙaramin birki da aka tilasta wa wannan aiki yakan yi zafi, man birki ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse ba abin da ya kama. Sau da yawa hakan yana faruwa ne a gangare, mota cike da mutane da kaya. Ga shi kuma dokar hanya a Najeriya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba ko a babbar hanya mai tagwayen layi, gudun da ƙaramin inji mai lafiya yake kaiwa ba tare da wahala ba.

Bayan birki sai giyabos da kuloci da shaf, waɗanda aka yi su daidai ƙarfin injin asali. In aka ɗora musu wanda ya fi su, kuloci ya fara zamewa, haƙoran giya su cinye, shaf ya karye a tsakiyar hanya. Lagireto ma haka. Babban inji ya fi haifar da zafi, ƙaramin lagireto kuwa ba ya iya sanyaya shi, balle a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'auni yake haura digiri 40. Daga nan gasket ya ƙone, injin da aka kashe wa dukiya ya buga. Sannan ga nauyi: inji mai nauyi yakan danne gaban mota, ta ƙi bin sitiyari a kwana, tayoyin gaba su riƙa cinyewa da wuri.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Injin da ba na motar ba ne ba ya zama a kujerarsa sai an yanka an yi walda, kuma galibi a kan ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci. Injunan zamani suna tafiya ne da birenbos ɗinsu da wayoyinsu. Idan mai rewaya ya yi haɗe-haɗe da salatif, ko aka bar tsohon tiyon mai na kafireto a kan inji mai injekta, wanda famfonsa yake turo mai da ƙarfi, to an ajiye gobara ne tana jiran ranarta.

Kada a manta da takardu. Kowane inji yana da lambarsa, kuma tana rubuce a takardun mota. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da ka saya, don kada wata rana a ce na sata ne, sannan ka je ofishin lasisi a gyara takardu. Ka sanar da kamfanin inshora ma, domin canjin da aka ɓoye yana iya zama hujjar hana ka diyya.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a mayar wa mota irin injinta, ko wani mai ƙarfi daidai da nata wanda kamfanin ya taɓa ɗorawa a wannan samfurin. In kuwa dole sai an ƙara ƙarfi, a ɗauko injin tare da giyabos ɗinsa da birenbos da lagireto da birki da ƙafafu, a kuma duba ƙarƙashin motar kafin a sayi komai. Wanda aljihunsa bai kai wannan ba, gara ya yi rebo ɗin nasa. Ka tambayi bakanike, "Ka taɓa yin irin wannan aiki? Ina motar take yanzu?"

Direbobin haya, rayukan da ke bayanku amana ce. Shugabannin tasha su ma su sa ido a kan motar da aka canza wa inji kafin a ba ta layi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.