Ajin Manoma: Kada A Manta Da Na Bencin Baya

A wannan fitowa maganata a kan masu koyarwa ce, wato mu malaman gona, da malaman yaƙi da jahilci, da sakatarorin ƙungiya waɗanda kan tsaya gaban allo su bayyana wa jama'a yadda za a zuba taki ko yadda za a biya rance. Zan fara da wani kuskure nawa, gama shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da na fara wannan aiki, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, an tura ni wata ƙungiya in koyar da zuba takin yuriya a masara. Na yi bayani yadda aka koya mini. A haƙa ɗan rami kamar santimita 5 daga gindin masara, a zuba, a rufe da ƙasa, kada takin ya taɓa kara. Ina magana ina zane, fuskata a allo, bayana ga jama'a. Da na gama na ce, "Kun gane?" Kowa ya ce i, har da wani dattijo da ke zaune a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ya gyaɗa kai sau biyu. Bayan 'yan makonni na bi ta gonarsa, sai na tarar masarar ta ƙone kunya bayan kunya. Ya tara takin ne a jikin kara, bai rufe ba.

Na ce, "Baba, ashe ba ka ji abin da na faɗa ba?"

Ya dube ni ya ce, "Malam, ni bakin mutum nake kallo in ji maganarsa. Kai kuwa ƙeyarka na gani."

Ashe tun yana saurayi sanƙarau ya taɓa masa kunne. Duk garin sun sani, ni kaɗai ban tambaya ba. Takin nan kuwa na rance ne, ƙungiya ce ta tsaya masa, saboda haka da kaka ta yi, hasarar ta shafi kowa. Mutane suka ce tsoho ba ya jin magana. Ni dai na san wanda ya ƙone masarar.

Su wane ne ake bari a baya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa mai nauyi, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Idan muka auna ƙungiya mai mutum 30 da wannan ma'auni, za mu sa ran samun kamar biyar. A ƙauye mun san musabbabin. Ƙyanda da amosanin ido da yana sun ɗauke ganin waɗansu. A garuruwan bakin kogi akwai makantar da cizon baƙin ƙuda ke kawowa, wadda ta ragu ƙwarai tun da aka soma raba maganin Mectizan kyauta bayan 1987, amma waɗanda suka riga suka makance suna nan tare da mu. An tabbatar a 2020 cewa cutar shan inna ta daji ta ƙare a Nijeriya, duk da haka waɗanda ta shanye wa ƙafa tun suna yara, yau magidanta ne masu gonaki.

Makaho da gurgu kowa yana ganinsu. Waɗanda suka fi yawa su ne waɗanda ba a gani. Akwai wani abu da kowane malamin yaƙi da jahilci ya kamata ya sani, ni kuwa sai da na yi shekaru ina aiki na san shi. Idan mutum ya kai shekara 40 ko ya ɗan wuce, ƙwayar idonsa takan soma taurin da ke hana ta ganin abu na kusa sosai. Tsufa ne kawai, yana samun kowa. Mutumin zai hangi akuyarsa daga nesa ya gane ta, amma baƙaƙen littafi sai su zama masa kamar tururuwa cikin hazo. Yawancin ɗaliban ajin manya kuwa sun kai waɗannan shekaru. Sau nawa muka ce wa uwa ƙwaƙwalwarta ta toshe, alhali "b" da "d" ne ba ta iya rarrabewa da ido? Ita ma sai ta yarda ta ce karatu ba nata ba ne, ta daina zuwa. Gwajin ba wuya. A ba ta allura da zare, ko a lura in tana miƙa littafi nesa da fuska kafin ta duba. Tabarau na karatu yakan warware wannan matsala a rana ɗaya, kuma ba ya cikin masu tsada. Wanda tabarau bai taimake shi ba, a kai shi asibitin ido, gama yanar ido ana cire ta da ɗan aiki mutum ya sake gani.

Akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau, amma tsarin ajin ne ya rufe musu ƙofa. Matar da surukinta ke zaune a gaba ba za ta ɗaga hannu ta yi tambaya ba, kunya ta hana. Tsohuwar da Hausarta ta kasuwa ce kawai, da yarenta take tunani. In an sa aji daidai lokacin ɗora tukunyar tuwo, an riga an sallami rabin ƙungiya ke nan tun ba a fara ba.

Abin da malami zai sāke

Yawancin gyaran ba ya cin ko kwabo. Na farko shi ne a daina tambayar "Kun gane?" Babu babban mutum da zai ce bai gane ba a gaban 'ya'yansa da surukansa. Maimakon haka a miƙa masa fartanya da murfin kwalba a ce, "Baba, nuna mana yadda za ka yi a gonarka." Da na yi haka a ranar nan, da cikin minti ɗaya na ga inda matsalar take.

Malami ya gama rubutu tukuna, sa'an nan ya juyo ya yi magana. Ya tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarsa, kada taga ta kasance a bayansa. Kada ya yi ihu, gama ihu yana karkatar da baki har mai kallon leɓe ya rikice. Goro ma a ajiye shi sai an tashi. Mai nauyin kunne da mai raunin ido su zauna a gaba, amma a yi wannan da hikima, a ce dattawa ake girmamawa, kada a tona wa kowa asiri. Duk abin da aka rubuta a allo a karanta shi da murya, baƙaƙen kuma su kai tsawon yatsa.

Abin da ya fi duka amfani shi ne a kawo ainihin kayan cikin aji, a bar hannu ya yi karatu. Yuriya ƙanana ne masu santsi, farare, NPK kuwa ya fi kaushi. Makaho in ya taɓa su sau ɗaya ba ya sake haɗa su. Don tazarar shuka, a ɗauki igiya a yi mata ƙulli kowane santimita 25, a yanki sanda mai santimita 75 domin tsakanin layi da layi. Na fara yin igiyar nan saboda wani makaho ɗaya, amma kafin damina ta yi nisa masu ido sun fi shi aronta, gama su ma santimita ba ta zauna musu a kai ba. Haka abin yake kusan kullum: dabarar da aka yi domin mutum ɗaya takan sauƙaƙa wa ajin duka.

A wajen maganin ƙwari kuwa, inda kuskure kan kai ga rai, a koyar da launin da ke gindin takardar kwalba. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatu ba zai riƙe wannan. Makaho kuma a ɗaura masa alama a wuyan kwalbar, a ajiye ta dabam da kayan abinci.

Kurame suna da harshensu. A ƙasar Hausa ana kiransa maganar hannu, a makarantun kurame kuma ana koyar da wani iri dabam wanda asalinsa daga Amurka ne. Ba lalle malami ya ƙware ba. A kowane gari akwai ɗan'uwa ko aboki da ya saba magana da kurman, a zaunar da su tare. Amma malami ya dubi kurman in yana masa magana, kada ya dubi mai fassara, ya kuma koyi ko da gaisuwa da ƙidaya.

Wannan ba sabon abu ba ne

Waɗansu za su ce wannan aikin makarantu na musamman ne. Gaskiya makarantun nan sun yi aiki babba. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take koyar da rubutun da ake karantawa da yatsa, wanda Louis Braille, ɗan wani baduku a Faransa, ya tsara da ɗigo shida a 1824 yana ɗan shekara 15, bayan basilla ta tsone masa ido a rumfar mahaifinsa tun yana ƙarami. Andrew Foster, baƙar fata daga Amurka wanda sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ƙasashe da yawa kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ya horar da kuramen kansu suka zama malamai. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa kwaleji a Oyo domin horar da malaman masu buƙata ta musamman.

Amma makarantun nan kaɗan ne, suna nesa, kuma na yara ne. Magidanci mai 'ya'ya shida ba zai bar gonarsa ya tafi Gindiri ba. Shi ya sa a 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanca ta ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar da ke kusa da gida ita ce za ta gyara kanta ta karɓi kowa. A Nijeriya kuma, a watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika. Ku dubi ƙofar ɗakin da kuke taro. In matakala uku ce, buhun siminti ɗaya ko biyu da aikin gayya na safiya guda sun isa a yi gangara.

Malami ma ɗalibi ne

To, ina malami zai koyi waɗannan? Ni ina da takardar NCE, tana rataye a bango, gara ma ta soma ɗanɗana katakonta. Takardar ba ta hana ni juya wa kurma baya ba. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, sai wani ya gaya masa.

A Japan malaman firamare suna da wata al'ada da suka daɗe suna bi. Sukan haɗu su shirya darasi ɗaya tare. Ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe, amma idonsu a kan ɗalibai yake: wa ya rikice, a daidai wace magana, wa ya yi shiru tun daga farko. Bayan an tashi su zauna su gyara darasin, wani ya sake koyar da shi. Da yake tare aka shirya, in ya lalace ba a ce wane ya kāsa, sai a ce shirinmu yana da rami. Wannan ya dace da mu ƙwarai, gama mu mutane ne masu gudun a kunyata mu a gaban jama'a.

Za mu iya yin irinsa. Malaman ƙungiyoyi uku ko huɗu na maƙwabta su haɗu sau ɗaya a wata, musamman da rani kafin aikin gona ya taso. Kowane mai kallo a ba shi mutum ɗaya da zai lura da shi, wannan ya kula da tsohuwar da ke gefe, wancan ya kula da mai nauyin kunne. Akwai kuma dabarar da muka yi a kwaleji, wadda aka fara a jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Malami ya koyar da abu guda cikin minti 5 zuwa 10, a gaya masa abin da aka gani, ya sake nan take. Yanzu da kusan kowace ƙungiya tana da mai wayar da ke ɗaukar hoto mai motsi, sai a ɗauka malami ya kalli kansa. Ranar da na fara kallon nawa, na ƙirga sau nawa na ce "kun gane" har na gaji na bari.

Wani darasin kuma sai ɗaliban kansu za su ba ka. A gwada wannan: malamai su toshe kunne da auduga, ko su ɗaure ido da ƙyalle, wani ya koya musu auna taki. Yana buɗe ido, amma kada a ɗauka minti goma da ƙyalle sun sa ka san makanta. Makahon da ya shekara 20 yana noma ya san dabarun da ba su cikin littafi. A gayyace shi taron malamai ya koyar, a ba shi kuɗin mota kamar kowane baƙon malami.

Wanda yake so ya ƙara karatu na takarda, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana da kwasa-kwasan da ake yi daga gida ba tare da barin aiki ba. Jami'ar Jos ma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Magana ta ƙarshe ga kwamitocin ƙungiya ce. Kuna ware kuɗin taki da na iri da na gyaran injin niƙa, amma ban cika ganin an ware kuɗin motar malami zuwa taron 'yan'uwansa ba, ko na alli da babban allo. A sa shi cikin kasafin bana. Sakatare kuma ya buɗe rajista ya duba sunayen waɗanda suka zo aji sau biyu ko uku suka daina. Kada a aika musu saƙo. Malami da mutum ɗaya daga kwamiti su taka har gida, su gaisa, su tambayi dalili, su kuma tafi da allura da zare a aljihu.